Wai maganin kansar jini daga soson teku aka samo shi? Hajiya ta dage a sayi garinsa

'Yar Gangare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin magani su taimaka mini da bayani, kaina ya kulle.

Ɗan yayana, yaro ɗan shekara tara, yana kwance a wani asibiti nan Jos, likitoci sun ce kansar jini ce. Ni nake kwana da shi idan uwarsa ta koma gida wajen sauran yaran. Cikin magungunan da ake haɗa masa a ƙarin ruwa akwai wani a 'yar ƙaramar kwalba, sitarabin suke ce masa. Wani dare muna hira da wata nas sai ta ce mini wai asalin maganin nan daga soson teku aka samo shi. Na yi dariya don na zaci zolayata take yi, ta ce wallahi haka aka koya musu a makaranta.

Na ba da labarin a tsakar gida, to kun san magana idan ta fita. Ba a jima ba sai ga maƙwabciyarmu da waya a hannu, ta nuna mini talla a wani guruf na WhatsApp. Wani mutum ne yake sayar da "garin soson teku", wai daga ƙasar waje, ƙaramar roba N15,000, a zuba rabin cokali a kunu safe da yamma. Ya rubuta cewa shi ne ainihin abin da Turawa ke tacewa su sayar mana da tsada. Yanzu mahaifiyarmu ta dage a saya. Hujjarta ita ce, tunda nas da bakinta ta ce daga soso ne, me zai hana a ba yaron soson kai tsaye? Yayana a Katako yake sana'a, kuɗin magani ya riga ya taɓa masa jari, kuma shi ba ya iya musu da Hajiya ko a kan gishirin miya ne.

Shi soson tekun nan mene ne, irin namu ne na wanka da yake yaɗo a katanga? Me ya kai maganin kansa cikinsa? Kuma garin nan, a saya ko kada a saya?

Malam na Bukuru

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya tashi kafaɗar yaron, ya ba ku ladan jinya. Ni ba likita ba ne, bayoloji na koyar a sakandare har na yi ritaya, don haka maganar saye zan bar wa masu ita. Tambayoyinki biyu na farko dai gonata ce.

Soson wankanmu tsiro ne, dangin kabewa da duma. Na teku kuwa dabba ne. Duk shekara idan na faɗi haka a aji sai yara su yi ta musu, kuma ban ga laifinsu ba. Abu ne manne a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa, ba kai, ba ido, ba baki, ba hanji, kuma inda ya zauna nan zai mutu. Jikinsa ƙananan ƙofofi ne birjik. A ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta masu 'yar bulala da suke kaɗa ruwa dare da rana, ruwan ya shiga ta ƙananan ƙofofin ya fita ta babba, shi kuma ya tace bakteriya da ɓurɓushin abinci ya ci. A yini guda yakan tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai. An san iri sama da 8,000, kusan dukkansu a teku, 'yan kaɗan a koguna da tafkuna. Wanda Girkawa da mutanen Tunisiya suka daɗe suna nutso su ciro don wanka, ƙwarangwal ɗin wani iri ne mai laushi bayan naman ya ruɓe an wanke shi.

To ki duba halin da wannan halitta take ciki. Nama ne zaune a fili, kifaye na kaiwa da komowa a kansa, ba ƙafar gudu, ba haƙorin cizo. Murjani da ciyawar ruwa suna neman su danne shi su ƙwace wurin. Ƙananan halittu suna neman jikin da za su manne su girma. Ga ruwan da yake zuƙa cike da ƙwayoyin cuta. Abin da Allah ya hore masa shi ne sinadarai: wasu na sa a tofar da shi, wasu guba ne, wasu kuma su hana komai tsira a jikinsa.

An gwada wannan an gani. Wani masani a Amurka, Joseph Pawlik, shi da abokan aikinsa sun tattaro iri 71 na soson tekun Karebiyan, suka tatso sinadaran kowanne suka kwaɓa da abincin kifi, suka riƙa jefa wa wani ƙaramin kifi mai shuɗin kai wanda ba ya ƙin abinci. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna iri 49 kifin ya ƙi ci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yawancinsu suna da 'yan tsinkaye na gilashi a cikin nama, kuma kowa ya ɗauka su ne kariyar. Da aka zuba tsinkayen kaɗai a abincin, kifin ya haɗiye abinsa ko a jikinsa. Sauran waɗanda ba su da gubar kuwa, dabararsu saurin girma ce da saurin warkewa, a ci su yau su toho gobe.

A Bahar Maliya, wannan da alhazai ke gani a Jidda, akwai wani ja jawur mai rassa, Negombata magnifica. Yana tsaye a fili, kifi ba ya raɓarsa. Idan aka matse shi sai ya saki wani jan ruwa, kifaye su watse. Idan a akwatin gilashi ne da babu wurin gudu, cikin 'yan mintuna kifin zai fara tangaɗi ya mutu. Gubar tasa, latarunkulin, tana wargaza zaren da ke riƙe da siffar ƙwayar halitta daga ciki, kuma har yau masu bincike suna sayen ta don wannan aikin a ɗakunan gwaji.

A Bahar Rum kuma akwai wani rawaya, Aplysina aerophoba, wanda da an fito da shi iska sai ya rine ya yi baƙi. Shi dabararsa irin ta rogo mai ɗaci ce. Rogo yana ajiye sinadarin a gefe guda, abin da zai kunna shi a wani gefen, sai an gurza sun haɗu gubar take tashi, shi ya sa ake jiƙawa a matse a soya kafin a ci. Shi ma soson sai an ji masa rauni sannan abin da ya ajiye yake rikiɗewa nan take ya zama mai kashe bakteriya a bakin raunin.

Duk da haka akwai masu cinsa. Akwai kunkurun teku mai lanƙwasasshen baki wanda wata masaniya, Anne Meylan, ta binciki cikinsa a Karebiyan, ta bayyana a 1988 cewa kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke ciki soso ne. Akwai kuma wani dodon-koɗin ruwa marar kwanso da yake cin wancan jan na Bahar Maliya, ya tara gubar a fatarsa, ya fito da launi mai ɗaukar ido yana yawo, babu mai taɓa shi.

Gubar da za ta iya hana ƙwayar halittar kifi aiki, ita ce masana suka ce bari su gwada ta a kan ƙwayar kansa. Daga nan sai masu magani su karɓa.

Anti Famasis, Kubwa

Sannu ƙanwata, ya mai jiki? Ni ma 'yar Jos ce, a Anguwan Rogo na tashi, yanzu aikin harhaɗa magunguna nake yi a Abuja, kuma sitarabin ya sha bi ta hannuna. Amsar tambayarki ta uku ita ce a'a. Kada ku saya, kada a ba shi ko lakuce ɗaya. Zan yi bayanin dalla-dalla don ki samu abin da za ki faɗa wa Hajiya.

Nas ɗin ba ƙarya ta yi ba, ta dai gajarta labarin har ya koma wani abu daban. Babu sitarabin a cikin soso. Abin da ya faru shi ne, wani masanin kemistiri a Jami'ar Yale, Werner Bergmann, ya samo wani soso daga gaɓar Fulorida, wanda yanzu ake kira Tectitethya crypta. Shi kitsen jikin halittun ruwa yake nazari, ba ruwansa da cutar kansa. Yana tafasa soson a cikin wani ruwan sinadari mai suna asiton sai wani abu ya daskare a cikin kwalbar. Shi da Robert Feeney suka bi diddigi a farkon shekarun 1950, suka tarar abu ne mai kama da tubalan da jiki yake gina DNA da su, wato kundin umarnin da ke cikin ƙwayoyin halitta, sai dai sukarin da ke maƙale a jikinsa ba irin namu ba ne. Wannan ne ya buɗe wa masana ido, suka ce ashe ana iya sauya sukarin. A 1959 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka haɗa sitarabin a ɗakin gwaji, a 1969 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Abin da aka ɗauka daga soso dabara ce kawai. Kwalbar da kike gani a gefen gadon yaron a masana'anta aka haɗa ta daga farko har ƙarshe.

Ga yadda yake aiki. Ƙwayar kansa tana rabuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma duk rabuwa sai ta kwafi DNA ɗinta. Sai ta ɗauki sitarabin a zaton tubalin kirki ne, ta saka a ginin, ginin ya tsaya cak, ƙwayar ta mutu. Matsalar ita ce ɓargo da fatar cikin baki da ta hanji su ma da sauri suke rabuwa, su ma sai ya taɓa su. Shi ya sa kike ganin ana auna tsayin yaron da nauyinsa kafin a lissafa miligiram nawa za a ba shi, ana ɗibar jininsa a kai a kai, wani lokaci a ɗage ranar magani don jinin bai farfaɗo ba. Ni idan zan haɗa shi sai na sa safar hannu da takunkumi da rigar kariya, kuma sai wani ya sake duba lissafina kafin ya fita. Guba ce da aka san ma'auninta. Shi garin robar wa ya auna shi, da me?

Bari in ba ki labarin wani maganin da ya fi nuna nisan da ke tsakanin soso da kwalba. A 1986 wasu masana biyu a Japan, Hirata da Uemura, suka bayyana wani sinadari mai suna halikondirin B daga wani soso na gaɓar ƙasarsu, Halichondria okadai. Yana da ƙarfin gaske a kan ƙwayoyin kansa. Amma kilo 600 na soso suka tatse, wato buhu 12 mai kilo 50, suka samu miligiram 12.5. Kashi ɗaya cikin 40 ke nan na ƙwayar farasitamol mai miligiram 500. Daga baya aka samu wani soson a ruwa mai zurfi a Niyu Zilan da ya fi shi yawan sinadarin, aka kwaso tan guda, aka samu kimanin miligiram 300. Kowa ya gane teku ba za ta iya ciyar da asibitoci ba. A 1992 Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya haɗa sinadarin a ɗakin gwaji, sannan aka gano ɓangare ɗaya ne na jikinsa yake yin aikin. Kamfanin Eisai ya ɗauki wannan ɓangaren ya gyara, ya zama eribulin, wanda ake sayarwa da sunan Halaven. Mataki 62 ake bi kafin a haɗa shi. Sai a 2010 aka amince da shi don kansar mama da ta yaɗu, shekara 24 ke nan. Kuma bayan duk wannan wahalar, a babban gwajin da aka yi, matsakaicin tsawon rayuwar matan da aka ba shi wata 13.1 ne, na waɗanda aka ba wasu magungunan wata 10.6. Ci gaba ne na gaske ga mai ciwon da iyalinta, amma ba shi ne "warkewa cikin sati biyu" da masu talla ke rubutawa ba.

Yanzu ga abin da nake so Hajiya ta ji da kunnenta. Wannan soson na Japan ɗin dai, shi aka fara samun wani sinadari a cikinsa a 1981 mai suna asid ɗin okadayik. Shi ne yake sa amai da gudawa ga mutanen da suka ci halittun ruwa masu ɓawo da suka gurɓata. Da aka gwada shi a fatar ɓeraye kuma, sai aka ga yana ƙarfafa tsirowar ƙari. Soso ɗaya, ga mai kashe ƙwayar kansa ɗan mitsitsi, ga mai taimaka mata. Wanda ya niƙa ya sha, duka ya sha.

Wannan ma idan garin na soson teku ne da gaske, abin da ban yarda ba. Idan shi ne, wane iri ne cikin dubban da Malam ya faɗa? Daga wane ruwa? Halitta ce mai tace ruwa, duk ƙazanta da ƙarfe mai guba da ke wurin tana tarawa. Yaron da ke kan kemo, wato irin wannan maganin kansa da ake ba shi, fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, ƙwayar cutar da ni da ke za mu sha mu kwana lafiya shi tana iya kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Hantarsa da ƙodarsa kuma suna da aikin da ya ishe su. Idan suka samu matsala likita zai dakatar da maganin gaskiyar, kun yi biyu babu. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ma ta hana a tallata wa jama'a abu da sunan maganin kansa, don haka ki ɗauki hoton tallar a kai wa NAFDAC.

Kada ki yi wa Hajiya gardama a tsakar gida, ba za ki ci ba. Jikanta ne, tana ganinsa yana ramewa, tana so ta yi wani abu da hannunta. Ki tafi da ita ranar da babban likita yake zagaye, ki nuna masa tallar a gabanta. Ku gaya masa duk abin da ake ba yaron daga gida, har jiƙo da sassaƙe, ba don ya yi faɗa ba, don ya sani. Sannan ki ba ta aikinta: abincinsa ya dahu sosai, a ba shi da zafinsa, ruwan shansa tafasasshe, duk mai mura kada ya shigo dubiya. Idan an sallame ku, ma'aunin zafi ya zauna a ɗaki, da ya nuna 38 a koma asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, kada a tsaya ba shi farasitamol a jira safiya.

Ɗan Dilimi

Anti, da girmamawa, amma ni maganar nan tana yi mini ciwo. Ban ce a sayi garin mutumin WhatsApp ba, wannan ɗan damfara ne kowa ya sani. Amma kullum haka labarin yake: abu yana daji ko yana ruwa Allah ya ajiye shi kyauta, Bature ya ɗauka ya sa a kwalba, ya dawo ya ce kada ku taɓa na asalin. Duk sunayen da ku da Malam kuka jero babu ɗan Afirka ko ɗaya. Mu ba mu da teku ne a Legas da Kalaba? Sannan ni abin da ya dame ni maleriya ce, ita take kwashe mana yara duk damina. Akwai abin da soson ya ba da a kanta, ko binciken sai a cutar da za a samu kuɗi?

Ɗalibin Kemistiri

Baba Malam, Anti, Allah ya ƙara sani. Ina digiri na biyu a kemistiri, aikina a kan ganyayyaki ne, amma hanyar tatsar duk ɗaya ce, kuma akwai wani ɓangaren labarin da yake ba ni sha'awa.

Sinadarai da yawa da ake cewa na soso ne, ba soson ne yake yin su ba. Jikin wasu ire-iren cike yake da bakteriya da sauran ƙananan halittu, har sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Asid ɗin da Anti ta ambata ma daga baya aka gano wasu ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya da ke yawo a ruwa suke yin sa, soson tara shi kawai ya yi. Shi kuma halikondirin an same shi a ire-iren soso da ba su da kusanci da juna, a tekuna masu nisa da juna, shi ya sa ake zargin shi ma aikin wata ƙaramar halitta ne. Wanda aka tabbatar sosai shi ne na Theonella swinhoei, wani soso da aka daɗe ana samun sinadarai iri-iri a cikinsa. A 2014 Jörn Piel na Zurik a Suwizalan da abokan aikinsa na Japan suka nuna kusan dukkansu bakteriya guda ce take yin su, Entotheonella. Amfanin wannan shi ne, maimakon a kwashe tan guda na soso daga teku, sai a karanta DNA ɗin bakteriyar a nemi sashen da ke ba da umarnin haɗa sinadarin, a gwada dasa shi a wata bakteriyar da za a iya renonta a tulu. 

Ɗan Dilimi, a kan "na asali" da ka ce. Idan na jiƙa ganye a metanol na busar, abin da ke saura wani baƙin danƙo ne a gindin kwalba. Sai in zuba shi a dogon bututun gilashi cike da farar hoda, ina ɗiga ruwan sinadari ta sama, ina tarar abin da ke fita ta ƙasa a ƙananan kwalabe, ɗigo ɗigo, yini guda ina tsaye. Launuka su rarrabu, kore ya wuce, rawaya ya biyo, sai wanda ido ba ya gani. Danƙon nan ɗaya yana iya ƙunsar abubuwa ɗaruruwa, kuma wanda nake nema sau da yawa ba ya rufe gindin kwalbar.

Afirka kuma ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. A 1994 an bayyana hemiyastalin daga wani soso na gaɓar Afirka ta Kudu, kuma an kai ga gwada ire-irensa da aka haɗa a jikin masu kansa. Jami'ar Rhodes a can ta daɗe tana wannan bincike a kan soson ruwansu. Mu gaɓarmu ta kai kimanin kilomita 853, muna da cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975, amma yawancin gaɓar yashi ce da laka da dazukan bakin ruwa, ba irin tsaunukan murjani na Bahar Maliya ba. Maganar ɗauka kyauta kuwa, ita ce ta sa aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce sai da izinin ƙasa za a ɗebi halittunta, kuma a raba amfanin da ita.

'Yar Gangare

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na karanta wa yaron labarin kifin da ke tofar da abinci, ya ce shi ma haka yake yi da kunun asibiti. Anti, na bi shawararki ban yi musu ba. Hajiya ta ce za ta bi ni wajen likita, amma ta ce ita za ta yi masa tambayar da bakinta, kada in sa baki. Wata tambaya kuma: a wannan zagayen sun ba mu maganin ɗigawa a ido, alhali idonsa lafiya lau. Uwarsa ta ce ko kuskure aka yi a wajen ba da magani?

Anti Famasis, Kubwa

Ba kuskure ba ne ƙanwata. Idan aka ba da sitarabin da yawa yakan fito a cikin hawaye ya sa ido ja da zafi da ƙin haske, shi ya sa ake fara ɗiga maganin tun kafin hakan ta faru. Ku ɗiga a kan lokacin da aka rubuta, har zuwa ranar da suka ce a daina, ko da an gama ƙarin ruwan. Ita kuma Hajiya ki bar ta ta yi tambayarta, haka ya fi.

Ɗan Dilimi, tambayarka ta maleriya tana kan hanya. Akwai manzamin A, daga wani soso na Okinawa a Japan, an bayyana shi a 1986, kuma daga baya aka ga yana kashe ƙwayar maleriya a jikin ɓeraye. Akwai fulakotin daga wani soso na Karebiyan, wanda wani sashe na siffarsa yake kama da na atemisinin, wato sinadarin da Tu Youyou ta fitar daga ganye a Sin a 1972, wanda shi ne ƙashin bayan maganin maleriyar da kake saya a kemis yau. Amma tsakanin manzamin da fulakotin babu wanda ya zama magani. Kuma na yarda da kai, inda masu ciwon ba su da kuɗi bincike yakan yi tafiyar hawainiya. Sai dai ko a cutar kansa ma yawancinsu faɗuwa suke yi. Diskodamolid, daga wani soso na Bahamas da aka bayyana a 1990, kowa ya sa masa rai. Kamfanin Novartis ya sha wahala ya haɗa giram 60, aka fara gwaji a jikin mutane, sai aka ga yana lalata huhu, aka tsaya.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa wannan hanya ta Bature ce. A nan Abuja, a Idu, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD. A shekarun 1990 suka karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na amosanin jini, suka yi yarjejeniya da shi, suka tantance abin da ke ciki: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Suka daidaita ma'auni, suka gwada a dabbobi, sannan a masu sikila, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Uku daga cikin kayan nan huɗu za ka same su a wajen 'yan koli a Taminus.

Ɗalibi, kai wane ganye kake aiki a kai, kuma ina kuke kai samfur idan za a tantance siffar sinadarin?